Tabon Yatsan Kawu a Kan Gilashi

Na Allah ne mu duka, kuma gurinsa za mu. Kawu ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, yana da shekara casa'in ko kusa da haka, don bai taɓa faɗar shekarunsa iri ɗaya sau biyu ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Abin da ya tsaya mini a rai a kwanakin zaman makoki kuwa shi ne, duk wanda ya shigo, da ya gama "ya aka ji da haƙuri, Allah ya jiƙansa," sai idonsa ya tafi bango.

Ɗakin baƙin Kawu shi ne hanyar shiga cikin gida, saboda haka maza da mata kowa sai ya bi ta gaban hotunan nan uku. Wani tsohon abokin kasuwarsa, ɗan Kano mai shadda, ya tsaya ya ce, "Oho, gidan Fir'auna yana nan ashe," ya yi dariya, dariyar ta koma kuka har sai da aka zaunar da shi. Maƙwabciyarmu, Bamosa ce 'yar ƙabilar garin, ta ajiye bokitin zom-kom, ruwan gero mai sanyi, da ta kawo wa masu makoki, ta ce, "Yaaba, kakanmu, ya tafi ya bar wa wa kayan nasaransa?" Liman ya gyara tabarmarsa ya ba bangon baya. Wani dattijo da ban ma gane shi ba ya nuna babban hoton da carbinsa ya ce, "Wannan ne ya hana ni aure a gidan nan, shekara talatin ke nan. Allah ya jiƙan Alhaji, amma har yau ban san laifina ba."

Ranar sadakar uku Yaya, babban ɗan Kawu, ya yanke hukunci. Ya ce kafin addu'ar bakwai a sauke hotunan a ƙone, katakon da gilashin a ajiye a sa wani abin kirki a ciki. Ya dube ni ya ce, "Ke za ki cire su, tunda ke kika san ƙusoshinsu." Na ce to. Kuma kada in yi ƙarya a kan mamaci, da daɗin rai na faɗa, don babu wanda hotunan nan suka gallaba a duniya kamata.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce. Uwata ta rasu ina shekara shida, ya ɗauko ni ya kawo gidansa na Zongo, shi ya sa ni lekol, makarantar boko, lokacin da maƙwabta ke cewa ɓata kuɗi ne, shi kuma ya laƙaba mini "'yar lekol," sunan da bai daina kirana da shi ba har na yi furfura. Aikina na farko a gidan shi ne goge gilashin hotuna. Zane ne na Turawan Ingila, ba na kyamara ba, an buga shi a takarda mai kauri, launin ya koɗe ya koma kamar ruwan shayi. A dukkansu akwai kogi mai faɗi, da matakala na dutse da ke gangarawa cikin ruwa, da wani gini mai tsini kamar totuwar masara wanda ya tsattsage, bishiya ta fito ta tsakiyarsa, saiwoyinta sun riƙe bangon. Sai kwale-kwale da mutane mitsi-mitsi nan da can. A ƙasa akwai ɗan rubutun Turanci da ba wanda ya damu da shi.

Inna, matar Kawu, ba ta gajiya da ba da labarin yadda aka same su. Wai suna sabon aure a Kano, ana shirin tahowa Wagadugu, ya tafi gwanjon kayan wani Bature da zai koma ƙasarsu don ya sayo akwatin ƙarfe na tafiya. Ya dawo ba akwati, sai hotuna uku a hammata. "Kayana a buhu na ɗaure su kamar gawayi," in ji Inna, "shi kuwa ya naɗe kangonsa cikin turmin atamfa, ya rungume a kan cinya tun daga Kano har Yamai, daga Yamai har nan. Da mota ta faɗa rami, hoton yake tambaya, ba ni ba."

Kullum na goge gilashin ya yi fes, kafin azahar sai na tarar da tabon yatsa a babban hoton, a kusurwar ƙasa ta hagu, wuri ɗaya tak. Yatsan mai cin goro da tsire ne, maiƙonsa ba ya fita sai da huci da tsumma. Na yi ƙorafi, na yi kuka, da na girma na yi faɗa. Ko a jikinsa. Bayan na yi aure ma ban tsira ba, duk Juma'ar da na zo gaishe shi, kafin in zauna ya miƙo mini tsumma.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan tambayarsa. Kawu ba ya ba mutum amanar shago, ba ya ba shi 'ya, ba ya ma yarda ya raka shi Kano saro kaya, sai ya tsayar da shi gaban babban hoton ya ce, "Me ka gani?" In amsar ba ta yi masa ba, sai ya ce, "To madalla, a gaida gida," shi ke nan an rufe maganar. Ba ya faɗin amsar, ba ya faɗin inda aka kuskure. Ni kaina ya tambaye ni ya fi sau ɗari. Na ce kogi, na ce kango, na ce bishiya, wata rana don haushi na ce na ga aikin banza. Sai ya girgiza kai ya ce, "'Yar lekol, ana ta karatu, ido bai buɗe ba."

Maigidana sau uku ya tsaya a gaban hoton nan. Malamin makaranta ne, haifaffen Wagadugu, uwarsa Bamosa, Hausarsa tana ɗingishi in ya firgita. Zuwan farko ya ce, "Alhaji, na ga tsohon gini, bon, ya lalace sosai." Aka ce ya gaida gida. Zuwa na biyu ya kwana yana shiri, ya zo ya zuba bayani a kan yadda duk abin da ɗan Adam ya gina ƙarshensa rushewa. Kawu ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Wa'azi na tambaye ka?" Ni ina bayan labule kamar in haɗiye zuciya. Zuwa na uku bawan Allah ya riga ya fid da rai, sai kawai ya kafa hanci a gilashin ya shiga lissafi kamar yana kiran sunayen ɗalibai: kogi, kwale-kwale biyu, saniya, matakala, mai wanki, tsuntsaye uku, mutum da sanda, gajimare, wata bishiyar daga nesa. Sai da numfashinsa ya ƙare Kawu ya ce, "Ya isa. Turo manyanka." Shekara ashirin da wani abu ina tambayarsa wanne ne a ciki, yana rantse mini shi ma bai sani ba.

Da rusau ya zo Zongo, aka ba kowa wa'adin kwashe kayansa, na ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Maza suna cire ƙofofi da kwanon rufi, mata suna ɗaure tukwane, Inna tana ta kiran a zo a kama mata gado, Kawu kuwa ya ɗora hotunansa a ka kamar mai tallan masa, ya bi titi a ƙafa har unguwar Dapoya inda ya kama gida. Filin da aka ba shi a bayan gari ya ƙi shi ƙememe, wai ba zai je inda ba ya jin muryar ladanin da ya saba ba. Washegarin ranar da katafila ta bi ta kan gidan muka koma tsintar abin da ya rage. Gidan da na girma a ciki ya zama tsibin bulo, ba ka gane ɗaki daga tsakar gida. Ni da Yaya muka tsaya muna kallo. Inna da ba ta san zama ba ta tarar famfon tsakar gida bai mutu ba, sai ta jawo wani fasasshen baho, ta tsuguna cikin ɓaraguzai tana wanke labulayen da muka tono. Kawu ya tsaya yana kallonta, yana dariya har da hawaye, ya ce, "Da Baturen nan yana da rai, da ya zo ya zana mu." Na ce a raina lallai tsohon nan ya fara zautuwa.

Abin da na daɗe ban yafe masa ba ya faru ne shekara guda bayan haka. Ɗana na fari ya rasu da damina, yana shekara biyu, zazzaɓi na kwana uku. Aka yi arba'in ban tashi daga kan tabarma ba. Ba na girki, ba na zuwa farmasin da nake aiki, gashina ma ba na tsefewa. Kowa ya zo sai ya lallashe ni ya tafi. Rannan da safe sai ga Kawu an sauke shi daga bayan moto, babur ɗin haya, da wani ƙunshi kamar na mai ƙaura. Ya ajiye a gabana, ya ɗora sabulu biyu a kai, ya ce, "'Yar lekol, mai wankina ya yi tafiya. Jibi nake so, kuma a kula da wuyan." Bai zauna ba, bai ce yi haƙuri ba, ya juya ya hau moto.

Mai wankinsa bai je ko'ina ba, maigidana ya gan shi a ranar. Manyan riguna biyar ne, masu aiki, waɗanda in sun sha ruwa sai mutum biyu. Na wanke su ina kuka, ba kukan ɗana kaɗai ba, har da na baƙin cikin rashin imanin tsohon nan. Na murza wuyan rigar kamar wuyansa nake murzawa. Da ya zo karɓa ya ɗaga ɗaya ya ce ba ta fita ba, ya ajiye wani ƙunshin. Haka ya yi mini wata biyu cur, har ranar da ya zo ya tarar na koma aiki, daga nan mai wanki ya dawo daga tafiyar da bai yi ba. Ban taɓa yi masa maganar ba, amma na riƙe ta.

Wataƙila riƙon nan ne ya sa na yi abin da na yi shekara biyar da suka wuce. Duk Zongo an san hotunan da sunan gidan Fir'auna, kuma sunan ne ya kare su. Malamai in sun shigo sai su ce ai izina ce, a ga ƙarshen mai girman kai. Ranar wata Sallah, ɗaki cike da baƙi, Kawu ya sake tsayar da ni, uwar 'ya'ya huɗu, ya ce me na gani, aka kwashe da dariya. 'Yata ta matso ta ce, "Maman, attends, portabul zai gaya mana," ta ɗauki hoton da wayarta, ta nuna mini. Ni kuma baki shi ke yanka wuya. Na ɗaga murya na ce, "Na ga ɗakin bautar Hindu a bakin wani kogi a Indiya. Ba Fir'auna, ba Masar. Wurin gumaka ne, Kawu, shekara sittin kana rataye da shi."

Kawu ya gama tauna goronsa, ya ce, "Tun a Kano na sani. Mai gwanjon ya faɗa."

Na ce, "To don me ka ce gidan Fir'auna?"

Ya ce, "Ni ban ce ba. Wani malami ya faɗa, ni kuma ban ga dalilin gyara wa malami karatu ba." Ya dube ni sama da ƙasa. "Wayarki ta gani. Ke har yanzu ba ki gani ba."

Yaya ya tashi ya fita, kuma daga ranar bai ƙara zama a ɗakin ba, a tsakar gida yake gaida mahaifinsa. Ya roƙe shi, ya turo masa malamai, Kawu ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Ni kuwa wata guda bai amsa gaisuwata ba. Ranar da ya huce, tsumma kawai ya miƙo mini. Yaya ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Tsoro yake ji wa ubansa. Ranar da ya ce a ƙone su, cewa ya yi, "Ba na so a tsayar da Baba a lahira a kan takarda." Kuma ni na ba shi dalilin, da bakina.

Ranar kwana shida da safe na zo da filaya. Na sauke ƙananan biyun, na zare ƙusoshin baya, na ciro takardun na miƙa wa Yaya ko kallonsu ban yi ba. Ya tafi da su bayan gida. Ina jin ƙaurin tsohuwar takarda na sauke babban, na kwantar da shi a kan tabarma. Hannuna da kansa ya ɗauko tsumma, sabo ne na shekara arba'in. Sai na ga tabon.

Mako biyu Kawu ya yi a kwance, Juma'ar ƙarshe ban goge ba saboda muna lopital, wato asibiti. Wato wannan shi ne na ƙarshe da ya taɓa, wataƙila ranar da aka fitar da shi zuwa can, yana dafe da bango. Na kasa sa tsumma a kai. Na ciro tabarau daga jaka, abin da ban taɓa yi don hoton nan ba, na sunkuya. Shekara arba'in ina kallon maiƙo a wurin nan, ban taɓa kallon abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Mace ce. Ba ta fi ƙwayar wake ba. Tana kan matakalar ƙarshe, ƙafafunta cikin ruwa, ta ba rusasshen ginin baya, ta ɗaga wani zane sama za ta buga a kan dutse. A gefenta an shanya wasu biyu. Duk ƙaton ginin nan da ya tsage a bayanta, da bishiyar da ke cinsa, ita wankinta take yi.

Na zauna daɓas. Famfon Zongo ya dawo mini, da fasasshen bahon Inna, da dariyar da na kira hauka. Sannan ƙunshin riguna biyar da sabulu biyu. Wallahi abin da na fara ji haushi ne, haushi mai zafi. Da ya buɗe baki ya ce mini, tashi ki kama wani abu ko zuciyarki ta sami inda za ta dafa, me zai rage shi? Sai ya bar ni shekara ashirin ina ganinsa mara tausayi, yana tauna goro yana kallona. Hali zanen dutse. Ina cikin wannan faɗan da mamaci kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Yaya ya dawo ya miƙo hannu. "Kawo mana."

Na ce, "Yaya, zo ka duba nan."

"Kada ki fara mini irin ta Baba."

"Don Allah. Nan, inda yatsansa yake."

Ya tsuguna a kan dole, ya ƙura ido. Ya ce, "Mace ce tana wanki." Shi ma yana tsaye a ɓaraguzan nan ranar, kuma uwarsa ce a bakin famfon. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe bai dube ni ba, ya ce, "Ba dai a gidan nan ba."

Na ce, "Na ji."

"Kuma ban ba ki ba, ban ga kin ɗauka ba."

Na naɗe shi cikin mayafina na shiga wurin Inna, tana zaune a ɗakin takabarta. Na nuna mata kusurwar ina share hawaye. Ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Sai yau? Ke da lekol ɗinki? Ni ranar da ya kawo su na gan ta, na ce masa wannan ba ta iya shanya ba, a ƙasa ta baza." Na tambaye ta ko akwai irinta a sauran biyun. Ta ce akwai wani abu da yake nunawa a ɗaya tun suna Zongo, amma ta manta ko mene ne. Na leƙa bayan gida, toka ce kawai, ko kusurwa ba ta rage ba. Ni na ciro su da hannuna, kuma ba zan taɓa sanin wa ke ciki ba.

Inna ta nuna mini kusurwar ɗaki da haɓa. "Ga rigunansa can. Gobe za a rabar, ba a ba mutane kaya da datti. Mai wanki ya ce sai jibi."

Ban tambaye ta ko da gaske mai wankin ya faɗa ba. Na ɗauki ƙunshin na fita bakin famfo.

Hoton yana ɗakina yanzu, a inda rana ba ta dukansa. Ina goge gilashin duk Juma'a, ban da kusurwar ƙasa ta hagu, kuma na gaya wa yara duk wanda ya kai tsumma wurin zai gamu da ni. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mini nawa, ya haskaka masa kabarinsa kamar yadda ya tashe ni daga kan tabarma ban ko gode masa ba. Riguna bakwai na wanke ranar, kuma na kula da wuyan.